Kiwon Kifi A Gida: Ba Abinci Ke Kayar Da Mutane Ba, Canjin Ruwa Ne

A cikin watan Afrilun 2024, lokacin da zafi ya kai intaha, muna tsakiyar zancen farashin albasa a shirinmu na rediyo sai wata baiwar Allah mai suyar kifi a bakin babbar hanyar da ta ratsa garin Madawa ta bugo mana waya. Ba albasa ta kawo ta ba. Cewa ta yi ta wayi gari ta tarar da fiye da rabin tarwadar da take kiwo a bayan ɗakinta sun juya ciki sama, alhali kuwa adashinta na wata takwas ta kwasa ta gina kwamin siminti, ta sayi ƴaƴan kifin da buhunan abincinsu. So take mu tambayar mata masana ko wata cuta ce ta shigo gari, ko kuwa wani ne ya sa mata hannu.

Da aka tashi daga aiki muka nemi gidan muka je. Kwamin nata, wanda wasu ke kira basan, tsawonsa mita 2 ne, faɗinsa mita 1, zurfin ruwan kuma mita 1. Magini ya yi aiki mai kyau, babu tsaga babu yoyo, sai dai ya nutsa shi cikin ƙasa kamar rijiya, kuma bai bar masa mafitar ruwa ko ɗaya ba. Duk ranar da za a canza ruwa, ita da ƴaƴanta mata biyu ke duƙawa da bokiti su kwashe, sa'an nan su sake cikawa da bokitin. Da farko duk kwana uku suke yi. Sai azumi ya kama cikin wannan zafi, ga suya da maraice, ga hidimar salla, kwana uku ya koma biyar, biyar ya koma goma. Kifin kuwa ya girma, yana ci fiye da da, yana kuma ɓata ruwa fiye da da. Babu wanda ya sa mata hannu. Ƙugu ne ya gaji.

To, jama'a, ku da kuka san lissafi fiye da mu, bari mu auna muku abin da ƙugun nan yake ɗauka. Kwami irin nata yana cin lita 2,000, wato tano 10, ko kuma bido 80 mai lita 25. In za a fitar da kashi ɗaya bisa uku, lita 670 ke nan. Da bokiti mai lita 15, sai an ɗaga sau 45 a zubar, a ɗaga sau 45 a mayar. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka kowane canji ya fi nauyin buhun gero 13 mai kilo 100. Wace mace ce za ta yini a rana tana ciniki, ta dawo gida ta yi dakon buhu 13, kuma ta maimaita bayan kwana uku har tsawon wata shida? Duk aikin da ya kai wannan nauyi, ko mai shi na so ko ba ya so, wata rana cewa zai yi sai gobe.

Ba laifin matanmu ba ne idan ba su san wannan ba, domin kiwon kifi a tsakar gida baƙon abu ne a Adar. Kifin da muka sani na tafki ne. Mun san gaiwa da ke binne kanta cikin laka idan tafki ya ƙafe har ruwa ya dawo. Mun san kifin Tabalak da na Ɗan Dutsi, manyan tafkunan jihar Tawa waɗanda a 2005 aka sa su cikin jerin wuraren dausayi masu muhimmanci na duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Mutanen Keita kuma ba za su manta da babban aikin raya karkara da aka soma a 1984 da kuɗin ƙasar Italiya da hannun hukumar FAO ba, wanda daga baya ya taɓa yankin Buza, inda mata suka yi dakon duwatsu aka tare gulabe da ƙoramu yayin da mazaje da dama suka tafi biɗa. Ruwan da aka tare ya tsaya, aka kuma riƙa zuba irin kifi a tafkuna, tarwada da karfasa. Amma tafki yana da faɗi, iska na kaɗa shi, rana na dukansa, ciyawa na tsotse dauɗarsa, damina na sabunta shi. Babu wanda ya taɓa canza wa Tabalak ruwa da bokiti. Da zarar ka ɗauko kifi ka kulle shi tsakanin bango huɗu, to aikin da iska da ciyawa da damina suke yi ya dawo wuyanka.

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Kifi a cikin ruwan da yake numfashi yake ci, a ciki yake kashi. Bayan kashin da ake gani yana kwanciya a ƙasa, akwai wata guba da ba a gani, wadda masana ke kira amoniya, tana fita ne ta jajayen kunnuwan nan na gefen kansa inda yake shaƙar iska. Duk wanda ya taɓa shiga garken awaki da aka daɗe ba a share ba ya ji warin da ke yaji a hanci, to ita ce. Abincin da kifi ya bari ya nutse shi ma ruɓewa yake ya ƙara ta. Akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu zama a jikin bango da cikin soson tace ruwa, waɗanda ke juya amoniya ta koma wani abu mai sauƙin illa, amma ko shi taruwa yake yi, kuma babu abin da ke fitar da shi sai a ɗebe tsohon ruwa a zuba sabo. Wani abin da ya kamata mutanen ƙasar zafi su riƙe shi ne, dafin amoniya ƙaruwa yake idan ruwa ya yi ɗumi, sa'an nan ruwa mai ɗumi bai riƙe iska kamar mai sanyi. Ruwan da yake digiri 20 yana iya riƙe miligiram 9 na iskar shaƙa a kowace lita, idan ya kai digiri 30 sai ya sauka zuwa wajen 7 da rabi. Wato a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da mutum ya fi jin ƙyuyar ɗaga bokiti, a lokacin ne kifi ya fi bukatar a ɗaga. Kuma kada hasken ruwa ya ruɗe ku. Ruwa na iya zama garau kamar na randa alhali cike yake da guba, kallon kitse ne ake yi wa rogo.

Tarwada tana da haƙuri, domin tana da wata gaɓa a cikin kanta da ke ba ta damar leƙowa sama ta haɗiyi iska. Wannan haƙurin nata shi ke yaudarar masu kiwo. Ba ta mutuwa da wuri, sai dai ta rage ci, ta daina girma, gashin bakinta ya soma lalacewa, fatarta ta yi gyambo, sa'an nan wata safiya a tarar da abin da Hajiyarmu ta Madawa ta tarar.

A nan muke so mu ɗan kai ku nesa, zuwa wajen mutanen da suka fi kowa shan wahalar canjin ruwa a duniya, saboda haka suka fi kowa iya sauƙaƙa shi. Alhazanmu masu zuwa sarin kaya Guangzhou ko Dubai sun sha ganin akwatunan gilashi a otal-otal da manyan shaguna, da wani kifi mai faɗi a ciki, zagayayye kamar faifai, wani ja, wani shuɗi, wani da zane kamar atamfa. Sunansa discus. Asalinsa kogin Amazon ne da rassansa, a ƙasashen Brazil da Peru da Kolombiya, kuma wani masani ɗan ƙasar Ostiriya mai suna Johann Jakob Heckel ne ya fara bayyana shi a rubuce a 1840. Ba a cin sa, don kallo ake ajiye shi, amma kuɗin guda ɗaya mai kyau sai ya sayi tarwada kilo da yawa. Yana da wata ɗabi'a mai ban sha'awa: idan ƙwansa ya ƙyanƙyashe, ƴaƴan kan manne a jikin uwa da uba suna tsotsar wani yauƙi da ke fita daga fatarsu, kamar jariri a ƙirjin uwa.

Shi wannan kifi ba shi da haƙurin tarwada ko kaɗan. Yana son ruwa mai ɗumin digiri 28 zuwa 30, wanda ba ya hawa ba ya sauka, mai tsabta ƙwarai. Da ruwa ya fara lalacewa sai launinsa ya yi duhu, ya koma lungu, ya ƙi abinci. Masu ajiye shi a gida kan ware wa kowane babba guda wajen lita 40, kuma ba ya son zama shi kaɗai, sai biyar ko shida, wato akwatin da zai ci tano guda ko fiye. Duk mako sai sun canza rubu'i zuwa rabin ruwan, wasu sau biyu. Masu hayayyafa shi don sayarwa a Maleshiya da Tailan kuwa, kullum suke canza mafi yawan ruwan ƙananan, domin sun gano cewa da sabon ruwa kifin ke girma.

Mutumin da zai canza ruwa kullum a akwati hamsin, da bokiti zai yi? Ina! Abin da suka yi ba wani asiri ba ne. Sun ɗora akwatunan a bisa, ruwa na fita da kansa ta tiyo. Sun ajiye wani babban tanki inda sabon ruwa ke kwana kafin a yi amfani da shi. Sun daina zuba tsakuwa da yashi a ƙasan akwatin domin dauɗa ta rasa maɓoya. Sun kuma tsayar da lokaci wanda ba ya motsi. Waɗannan abubuwa huɗu babu wanda ya fi ƙarfin mai suyar kifi a Bangi ko mai shago a Tamaske.

Mu fara da fitar da ruwa, domin nan ne rabin wahalar take. Ruwa ba ya bukatar a ɗauke shi idan an ba shi gangara. Duk mai shirin gina kwami, ko kafa na tamfol ko na roba, to ya ɗaga shi bisa ƙasa, ko da tubali biyu ne ko uku, ya kuma zaɓi wurin da ya fi tudu a gidan. A gaya wa magini ya karkata daɓen zuwa kusurwa guda, a wannan kusurwa ya binne tiyon roba mai tauri, irin wanda masu aikin famfo ke kira PVC, ya fito ta waje. A bakinsa na waje a sa gwiwa, a tsayar da wani guntun tiyon a kanta wanda ya ɗan fi tsawon ruwan, kuma kada a manne gwiwar da gam, a bar ta tana juyawa. Idan tiyon yana tsaye, ruwa ba ya fita. Idan aka kwantar da shi, ruwa ya kama hanya, kuma na ƙasa ne ke fara fita, wanda ya fi dauɗa. Daɗin abin shi ne, iyakar inda ka karkata bakin tiyon, nan ruwan ciki zai tsaya. Ka buga ƙusa a bango daidai kashi ɗaya bisa uku, ka jingina tiyon a kanta, ka tafi sabgarka. Ko ka manta, kwamin ba zai ƙafe ba. A bakin ciki kuma a ɗaura guntun gidan sauro ko raga, don kada ƙananan kifi su bi ruwa.

Wanda ya riga ya gina ba tare da mafita ba, ko mai akwatin gilashi a falo ko a shago, tiyon ban ruwa ya ishe shi, muddin inda ruwan zai zuba ya fi saman ruwan gangara. Sai dai muna roƙo, a daina zuƙar tiyo da baki. Mun ga saurayin da ya yi haka, kuma mun ga fuskarsa bayan ya haɗiya. An ce da ruwan ciki ake jan na rijiya, to haka tiyo yake: a nutsa shi duka cikin ruwa har ya cika, a toshe baki ɗaya da babban yatsa, a fito da shi a kai ƙasa, a saki. Zai yi ta ja da kansa. In aka haɗa bakin ciki da guntun tiyo mai faɗi, ko gorar ruwa da aka yanke gindinta, sai a riƙa bin ƙasan akwatin da shi kamar ana shara, yana tsotse kashi da ragowar abinci. Masu discus suna lanƙwasa tiyo mai tauri kamar ƙugiya su rataya a bakin akwati, su yanke ƙafar ciki daidai inda suke so ruwa ya tsaya. Da ruwa ya sauka wurin, tiyon ya shaƙi iska, ja ya tsaya. Kuma duk mai na'urar ɗuma ruwa ko ta tacewa, ya cire ta daga kuran kafin ya tsoma hannu.

Sai mayar da sabon ruwa, kuma a nan ne masu gaggawa ke yin kisa da hannunsu. Ruwan famfo na gari ana sa masa maganin kashe ƙwayoyin cuta, ɗan uwan jabel ɗin da muke wanki da shi. Ga mutum alheri ne, ga kifi kuwa ƙuna ce a wurin numfashinsa. Irin wannan magani yakan fice idan ruwa ya kwana ɗaya ko biyu iska na shigarsa, akwai kuma maganin da masu sayar da kayan kifi ke sayarwa mai kashe shi nan take. Ruwan foraj shi kuma ba shi da jabel, amma yana fitowa daga ƙarƙashin ƙasa da ƙarancin iska, wani ma da ƙarfe a cikinsa, shi ne za ka ga ya yi ja idan ya zauna. Maganin duka biyun guda ne: tano ko tankin roba da aka ɗora a bisa, sama da kwamin, da kan famfo a gindinsa. A cika shi yau, a yi amfani da shi gobe. Kafin goben, jabel ya fita, ƙarfe ya kwanta, ɗuminsa ya daidaita da na kwamin tunda a inuwa ɗaya suka kwana. Idan za a sake shi, a bar shi ya faɗo daga sama ya bugi wani faranti ko katako yana fantsama, ta haka yake ɗaukar iska. Mai hali ya sa wa tankin ƙwallon nan na tankin ban-ɗaki, mai rufe ruwa da kansa idan ya cika.

Amma a kula, tano cikakke kilo 200 ne, ba a ɗora shi a kan tubalin da ke rawa a gidan da yara ke wasa. A kuma yi masa murfi mai ramuka ko a ɗaure bakinsa da gidan sauro, kada a je neman riba a buɗe wa sauro gidan haihuwa a tsakar gida. Kwamin shi ma a rufe shi da raga mai ƙarfi saboda masu rarrafe.

Akwai wani haɗari da ya fi shafar mu mutanen ƙasar albasa. Daga kwarin Tarka har Galmi, da wuya ka shiga gidan mai garka ka rasa maganin feshi. Bokitin da aka taɓa dama maganin ƙwari a ciki, ko bidon da ya taɓa ɗaukar man fetur daga bakin iyaka, ko hannun da ya taɓa piya-piya, ko wanda bai gama ɗauraye sabulu ba, kowannensu ya isa ya gama da kwami guda cikin dare. A ware wa kifi bokitinsa da tiyonsa, a ɗaura musu jan ƙyalle, kowa a gidan ya san ba na wanki ba ne. Haka kuma tiyon da ya yini a rana, ruwan farko da ke fitowa daga cikinsa kamar na shayi yake, a zubar da shi gefe tukuna. Da sanyin safiya ko bayan la'asar ake canjin ruwa, kuma kafin a ba da abinci, ba bayan kifi ya cika ciki ba. A lokacin ɗari, Disamba da Janairu, a jira rana ta ɗan ɗaga. Sabon siminti kuma yana sakin farar ƙasa mai ƙona kifi, sai an jiƙa kwamin ana zubarwa har mako biyu ko fiye kafin a sa ko guda.

Kada a ce don ana son tsabta a kwashe ruwan duka a goge bango da soso har ya yi ƙyalli. Yin haka na kashe ƙananan halittun nan masu cinye amoniya, kuma kifi ba ya son a sauya masa duniya gaba ɗaya a lokaci guda. Kaɗan-kaɗan a kai a kai ya fi mai yawa sau ɗaya a wata. Soson tace ruwa ma a cikin tsohon ruwan da aka ɗebo ake matse shi, ba a bakin famfo ba.

Nawa za a canza, kuma yaushe? Masu kiwon tarwada a kwami galibi kan fitar da kashi ɗaya bisa uku zuwa rabi duk kwana biyu ko uku, su ƙara idan kifi ya girma. Amma hanci da ido su ne alƙalai: in ka ji wari, ko ka ga kumfa ta ƙi fashewa, ko kifi ya tsaya a tsaye kansa sama ya ƙi abinci, to an riga an makara, a yi maza. Shawararmu ita ce a ɗaura aikin a jikin wani abin da ba a mantawa. Babu ƴar kasuwar da ke manta ranar kasuwarta ko ranar zubin adashi. A ce jajibirin kasuwa da kwana uku bayanta, ko a ce kullum bayan an ɗora tukunyar safe, a kuma san sunan wanda aikin ke hannunsa. Aikin da aka ce na kowa ne, kun san yadda yake ƙarewa.

Ku ma iyayenmu masu ajiye tarwada mai rai a baho a kasuwa, abin ya shafe ku. Kifin da za a sayar cikin kwana ɗaya ko biyu ba a ba shi abinci, domin abincin ne ke ɓata ruwan. A sa bahon a inuwa, kada a cunkusa, a riƙa rage ruwan ana ƙara wanda ya huce idan ya fara yauƙi da kumfa. Kifin da ya mutu a baho kun fi mu sanin yadda farashinsa ke faɗuwa kafin azahar.

Yanzu sai maganar da ba a so a ji, maganar kuɗin ruwa. A kwarin Tarka ruwa na kusa, mai garka da injin ban ruwa ba shi da wannan damuwa. Amma a kan duwatsun Buza da Keita akwai garuruwan da mace ke yin tafiya mai nisa kafin ta samo na sha. Mu ɗauka kana sayen ruwa wajen ƴan garuwa, bido guda dala 5. Canji ɗaya na kwamin da muka auna bido 27 ne, dala 135 ke nan. Sau biyu a mako har wata shida, ya haura jika 35, kuma wannan in farashi bai motsa ba da rani. Duk wanda bai sa wannan a lissafinsa ba tun farko, to ribar da yake hange ta ɗan garuwa ce. Mu dai a ganinmu, wanda ba shi da rijiya ko famfo a gida ko kusa, ya fara da ƙaramin abu, ko ya haƙura. Kuma hanya mafi araha ta rage canjin ruwa ita ce rage yawan kifin da daina zuba abincin da ya wuce abin da za su cinye cikin ƴan mintoci. Kifi 150 da suka girma sun fi 400 da suka tsumbure.

Abin da ke mayar da wani ɓangare na kuɗin shi ne, ruwan da ya fito daga kwami ba na zubarwa a lungu ba ne, inda zai jawo wari da faɗa da maƙwabta. Abin da yake guba ga kifi taki ne ga shuka. A ja masa ƴar hanya zuwa gindin zogale, ko lemu, ko fangalin albasa da tumatir da yakuwa. A gindi ake zuba shi, ba a kan ganyen salati da za a ci ɗanye ba. Ranar da aka sa wa kifi gishiri ko wani magani kuwa, wannan ruwan kada ya je ga shuka.

Game da shi discus ɗin, in wani Alhaji ya gani ya yi sha'awa, ba mu hana shi ba, amma ya san abin da zai tarar. Ƙasarmu ƙasar farar ƙasa ce, ita ce ma ake haƙa a Malbaza ana yin siminti, kuma a wurare da dama ruwan rijiya kan bar farin ɓawo a cikin butar shayi. Discus daga ruwa marar irin wannan nauyi ya fito, ko da yake waɗanda aka haifa a akwati sun fi na kogi jurewa in dai ruwan ba ya sauyawa. Yana bukatar na'urar ɗuma ruwa da ɗari, da mai hura iska dare da rana, kuma ba mu manta da yadda kuran ya yi wuya ba daga Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse layin wuta, har zuwa Maris 2024. Wanda ba shi da sola da batir, ya fara gwada hannunsa da ƙananan kifayen ado masu juriya. Tiyo da tano da gangara dai ba su san an ɗauke wuta ba.

Da muka koma gidan Hajiya bayan damina, mun tarar ba ta fasa kwamin ba, ba ta kuma sake zuba kifi a ciki ba. Ta kafa na tamfol a gefensa, a kan daɓen da aka ɗaga da tubali uku, da tiyo mai gwiwa da ƙusa a bango. Tsohon kwamin da ke nutse a ƙasa shi ya koma matattarar ruwan da aka fitar, daga nan maƙwabcinta mai garka ke ja da injinsa, yana biyan ta da zogale da albasar da take yanka wa masu sayen kifi. Tano uku na jere a kan dakali ƙarƙashin bedi. Ƙaramar ƴarta ce ke kwantar da tiyo kafin ta tafi lekol, uwar ta tayar da shi ta buɗe tano idan ta gama wanke-wanke. Kifi 150 ta zuba a wannan karon. Bashin buhu biyu na abincin kifin da suka mutu yana nan ba ta gama biya ba, ta ce sai ta kwashe waɗannan.